Ɗalibi, In Ka Ga Satar Amsa Kada Ka Kame Bakinka

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga iyaye maza da mata, gaisuwa ga malaman makaranta, sai babbar gaisuwa ga ɗalibai, na sakandare da na kwaleji da na jami'a, domin zancen yau naku ne. Wanda yake da ɗa ko ƙane ɗan makaranta a gida, don Allah a kira shi ya matso kusa da rediyo.

Maganar satar amsa a jarrabawa za mu yi. Sai dai yau ba ɓarawon amsar muka sa a gaba ba, shi kam ya sha wa'azi. Da maƙwabcinsa na benci za mu yi magana, yaron nan da ya kwana yana bitar littafi, ya shiga zauren jarrabawa daga shi sai bironsa, ya ga abin da ake yi da idonsa, ya sunkuyar da kai ya yi gum. Kai nake nufi, ɗana. Ke nake nufi, 'yata. Abin da nake so ku riƙe daga shirin nan shi ne: sanar da hukumar makaranta cewa ana satar amsa haƙƙi ne a wuyanku, kuma akwai yadda ake yin sa cikin mutunci, ba ku zama magulmata ba, ba ku kuma jefa kanku cikin hatsari ba.

Cutar nan ta daɗe a ƙasar nan. Masu nazarin tarihin ilimi a Najeriya sukan kai farkonta 1914, lokacin da tambayoyin jarrabawar Kambirij suka fita kafin ranar rubuta su. A 1977 tambayoyin WAEC suka bazu har gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike. A 1984 aka yi dokar soja da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi. A 1999 aka sake wata, Doka ta 33, wadda ta ce ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, in an same shi da laifin maguɗi, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko a haɗa masa duka biyun; shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido kuwa, ɗaurin shekara 4 ne babu zaɓin tara. Daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin cewa ɗalibin da aka kama, a hana shi rubuta kowace jarrabawa ta ƙasa har shekara 3, a kuma bi shi da lambar shaidar ɗan ƙasa don kada ya sauya hukuma ya tsira.

Ga doka, ga na'ura, ga jami'an tsaro a bakin ƙofa, amma abin ya ƙi mutuwa. Me ya sa? Domin duk waɗannan daga waje suke leƙen aji. Waɗanda suka san cikinsa su ne 'yan ajin.

Mu shiga zauren tare ku gani. An raba takardar Lissafi, mai sa ido yana kai da komo tsakanin layuka. Yana juya baya, sai na gabanka ya kai hannu cikin safa ya zaro 'yar takarda da aka linke kamar laya, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin takardar amsa. Ta hannun dama wata ta gyara hijabi, a ƙarƙashinsa akwai abin sauraro maƙale a kunne. Can baya kuma wani gardi ne zaune a kujerar yaron da kuke tare tun aji ɗaya, sojan gona ke nan. Mai sa ido baƙo ne, bai san fuskar yaron ba. Kai ka san ta. Tun daren jiya ma ka san za a yi haka, don a gurup ɗin WhatsApp na ajinku aka ce kowa ya tura kuɗi a turo masa ekspo, wato tambayoyin da suka fita kafin lokaci. Abin da hukuma za ta yi watanni tana bincike, kai da ke zaune a benci ka san shi kafin a kaɗa ƙararrawa.

To, sai zuciya ta ce maka, ina ruwanka, kowa tasa ta fisshe shi. Bari in nuna maka ruwanka.

A jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta ta 2022, hukumar ta riƙe sakamakon ɗalibai 365,564 saboda zargin maguɗi, kusan kashi 23 cikin ɗari na waɗanda suka rubuta. A 2024 ta riƙe na ɗalibai 215,267, kusan kashi 12 cikin ɗari. Kada ka ɗauka duk wanda aka riƙe wa sakamako ɓarawo ne. In masu duba takardu suka ga amsoshi iri ɗaya, har da kuskure iri ɗaya, sun cika wata santa, wato cibiyar jarrabawa, sukan riƙe na kowa sai an gama bincike. In abin ya tabbata, akan soke darasin ga santar baki ɗaya, a kuma janye amincewa daga makarantar. Kai da ka rubuta da guminka, abokanka na wasu makarantu suna cike takardun shiga jami'a, kai kana gida kana jiran sakamakon da ba ka san ranar fitowarsa ba. Hausawa suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ku tuna ƙarshen watan Mayun 2025, da ɗalibai a jihohi da dama suka rubuta takardar Turanci ta WAEC da dare, wasu da hasken tocila. Hukumar ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi na cikin abin da ya jawo jinkirin. Mutane ƙalilan suka yi cinikin tambayoyin, amma yaran da ba su ji ba ba su gani ba su suka yini da yunwa, iyayensu na tsaye a ƙofar makaranta cikin duhu.

Sai kuma maganar gurbin karatu. Kusan mutum miliyan 2 ke rubuta JAMB a shekara, kujerun likitanci da lauya da injiniya kuwa ƙidayayyu ne a kowace jami'a. Duk makin da wani ya sata, gaban wani ya sha a layi. Wannan wanin yana iya zama kai, yana iya zama 'yar talakan da uwarta ta sayar da akuya ta biya mata kuɗin jarrabawa.

Shi kansa mai satar, shirun da ka yi masa cuta ce. Zai shiga jami'a da kiredit a Kimiyyar Sinadarai alhali bai san kanta ba. A zangon farko karatun zai fi ƙarfinsa, ko dai a sallame shi saboda faɗuwa, ko ya ci gaba da satar har ranar da kwamitin ladabtarwa zai kore shi yana aji uku ko huɗu, bayan iyayensa sun gama zuba kuɗi. Da tun a sakandare aka tsawata masa, da abin bai wuce maimaita takarda ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In kuwa ya tsallake duk wannan ya fito da takardar shaida, to al'umma ce za ta biya. Shi ne zai tsaya kan gadon mara lafiya yana lissafin yawan maganin da za a yi wa jariri allura. Shi ne zai auna rodin da za a sa a ginin bene. Shi ne zai riƙe alli a gaban ƙannenku. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da gwajin, kuma dalilan raunin malamai suna da yawa. Amma tambayar da ta tsaya wa kowa a rai ita ce, yaya mutum zai riƙe takardar da ta ce ya sani, alhali ilimin bai zauna ba? Ɗaya daga cikin amsoshin yana cikin zauren nan da muka shiga ɗazu.

Masu sauraro, za mu ɗan sarara. In mun dawo za mu taɓa abin da ya fi ɗaure bakin ɗalibai, wato tsoron a kira su munafukai.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan haƙƙin da ke kan ɗalibi in ya ga ana satar amsa.

Na san sunayen da ake kiran wanda ya yi magana: munafuki, ɗan rahoto, ɗan baƙin ciki, mai hana ruwa gudu. Yaro ya gwammace ya sha bulala da a laƙaba masa ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma tarbiyyarmu ta gida ta hore mu da rufin asiri, ta hane mu gulma da annamimanci. Wannan tarbiyya mai kyau ce, ba kuma zan ce ku yar da ita ba. Abin da ake buƙata shi ne a san inda kowanne yake aiki.

Magulmaci yana kai magana inda ba za ta gyara komai ba, don ya ɓata mutum ko ya ji daɗin baki. Mai ba da shaida yana kai ta wurin wanda ke da ikon gyarawa, iya abin da ya gani, don a hana ɓarna. Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya kawo wurare shida da ambaton laifin mutum a bayan idonsa ya halatta, kuma daga cikinsu akwai neman taimakon mai iko don a kawar da mummunan aiki. Malamai sun kuma bayyana cewa rufin asirin da ake yabo shi ne na kuskuren da ya riga ya wuce, wanda cutarsa ba ta shafi haƙƙin wasu ba. Ɓarnar da ake cikin yi, wadda ke cin haƙƙin jama'a, hana ta ake yi.

A cikin Sahihu Muslim akwai labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa inda mai saye ba zai gani ba, ya kuma nesanta mai algus daga tafarkinsa. Takardar shaidar da aka samu da satar amsa algus ce ake yi wa duk wanda zai ɗauki mai ita aiki. A wani hadisin kuma an koya mana cewa taimakon ɗan'uwa in shi ne mai zalunci, shi ne a hana shi zaluncin. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da wannan tsari a Linjilar Matiyu sura ta 18: a fara samun mai laifi a keɓe, in bai ji ba a tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai maganar gaba. Saboda haka duk mai ce maka taimakon juna ne a bar aboki ya kwafa, ka ce masa addini bai san wannan taimakon ba.

Yanzu ga yadda ake yi.

In abokinka ne, kuma abin bai wuce gwajin aji ko aikin gida ba, fara da shi. Ja shi gefe bayan an tashi, ka ce: “Abokina, na ga abin da ka yi jiya, kuma ban gaya wa kowa ba. Zo mu riƙa zama bayan la'asar mu yi lissafin nan tare. Amma in ka sake zan sanar da Malam, ina kuma faɗa maka tun yanzu don kada ka ce na ci amanarka.” Yawancin masu satar amsa tsoron faɗuwa ne ke tura su. Wanda ka ba shi lokacinka ka koya masa, ka sauke haƙƙin abota.

In kuwa shiri ne ake ƙullawa, ana tara kuɗi, ko an ce tambayoyi sun fito, ko za a kawo sojan gona, to kada ka jira ranar jarrabawa. Fita daga gurup ɗin, kada ka buɗe abin da aka turo, ka sami malamin da ka amince da shi. Ka gaishe shi, ka ce: “Malam, ina da magana, amma ina roƙon kada sunana ya fito.” Maganar da ta zo da wuri ita ta fi albarka, domin Malam zai iya sauya tambayoyi, ya sauya wurin zama, ya tsananta bincike a ƙofa, ya duba hoton kowa da kyau. Sai a wayi gari an hana satar, ba a kori kowa ba, ba a kuma riƙe sakamakon kowa ba.

In a cikin zaure ka gani, kada ka yi ihu, kada ka nuna mutum da yatsa, kada kuma ka ɓata lokacinka. Gama aikinka. In hali ya yi, ɗaga hannu mai sa ido ya zo ka gaya masa a hankali. In bai yi ba, same shi ko jami'in jarrabawa na makarantar bayan an fito.

Faɗi iya abin da idonka ya gani: wane darasi, wace rana, wane layi, me ka gani a hannunsa. Kada ka ƙara gishiri. “Na ji an ce” da “ina zargin” ba shaida ba ne. Yaron da ya saba faɗuwa ya ci jarrabawa, wannan kaɗai bai nuna ya yi sata ba, wataƙila ya dage ne. Wanda kuma ya kai ƙarar ɗan'uwansa don wata gaba da ke tsakaninsu, ko don kishin ya fi shi maki, ya sani ƙazafi ya yi, kuma laifinsa ya fi na satar amsar muni.

Kada ka kai maganar Facebook ko TikTok. Sa sunan ɗalibi ko hotonsa a intanet tozarci ne, tabon ba ya gogewa ko da daga baya an wanke shi. Kada kuma ka baza ta a ɗakin kwana. Mutum ɗaya mai ikon gyara ya isa.

In kana tsoro, tsoronka yana da dalili, musamman inda masu yin abin ke da 'yan daba a bayansu. Kada ka tunkare su kai kaɗai. Ku haɗu ku biyu ko uku masu ra'ayi ɗaya ku je tare. Ko ka gaya wa Baba ko Mama su kai maganar. Ko ka rubuta takarda ba suna, ka bayyana abin dalla-dalla yadda za a iya tabbatar da shi. 'Yan jami'a da kwaleji kuna da jami'in jarrabawa na sashe, da shugaban sashe, da ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Akwai wadda ta fi duka wuya: in makarantar ce da kanta ke yin abin. An karɓi kuɗin da ake kira na taimako, malami ya shigo yana rubuta amsa a allo, an sa wani a ƙofa yana gadin zuwan sufeto. A nan ɗalibi kada ya ɗauki kayan shi kaɗai. Ka ƙi kwafa, ka rubuta abin da ka sani, ka dawo gida ka gaya wa iyayenka. Su ne za su kai wa ƙungiyar iyaye da malamai, ko ofishin ilimi na shiyya, ko ma'aikatar ilimi ta jiha, ko ofisoshin WAEC da NECO da ke jihohi.

Wannan ya kawo mu kanku, iyaye. Uban da ya cire ɗansa daga makarantarsa a aji shida ya kai shi wata santa a ƙauye don an ce can ba a faɗuwa, da wane baki zai yi wa yaron faɗa gobe in ya ɗauki abin wani? In ɗanka ya zo ya ce maka, “Baba, ana satar amsa a ajinmu,” kada ka ce masa ya yi shiru kada ya jawo maka magana. Sa masa albarka, ka sa hularka ka tafi makarantar.

Malamai da shugabannin makarantu, ku ne za ku sa yaro ya yi magana ko ya haɗiye ta har abada. Yaron da ya zo muku a asirce ya ba ku amana. Kada ku kira sunansa a taron safe, ko da yabo ne. Kada ku haɗa shi gaba da gaba da wanda ya ambata. Ku ɗauki bayaninsa ku sa ido da kanku har ku gani da idonku. Ku ajiye akwatin ƙorafi mai kwaɗo a inda yaro zai jefa takarda ba a lura da shi ba, ku riƙa buɗe shi a kai a kai. Wanda aka zarga kuma a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, a kuma duba abin da ya kai shi, domin wani rashin malamin darasin ne tun farkon shekara. In ɗalibai suka ga an yi adalci sau ɗaya, an kuma rufa wa mai magana asiri, gobe wasu za su zo.

'Ya'yana ɗalibai, ba na ce muku abu ne mai sauƙi ba. Wataƙila wani ya daina gaishe ku, wataƙila a yi muku habaici a hanya. Amma ku da kuke karatu tsakani da Allah kuna da yawa, shirunku ne ya sa masu satar suke ganin kamar kowa nasu ne. Kafin jarrabawa mai zuwa, kowannenku ya yi abu biyu: ya nemi abokin da karatu ke ba shi wuya ya zauna da shi, ya kuma zaɓi malami ɗaya da zai iya zuwa wurinsa in ya ga abin da bai dace ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Masu sauraro, a nan lokaci ya cim mana. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya ba su sa'ar jarrabawa ta halal, Ya saka wa malamanmu na ƙwarai da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)